Tambayoyin Mai Koyon Turanci, da Amsoshin da Ke Cikin Hausa

 

Duk wanda ya daɗe yana koyar da Turanci a ƙasar Hausa zai shaida cewa tambayoyin masu koyo ba su da yawa, maimaita kansu kawai suke yi. Yaron firamare a Gusau, da ɗalibar sakandare a Azare, da magidancin da ke zuwa ajin yamma a Kano bayan ya rufe shago, kusan abu guda suke tambaya. Mene ne bambancin "borrow" da "lend"? Yaushe ake cewa "I went", yaushe kuma ake cewa "I have gone"? Don me malam ya sa jan biro a kan "advices", alhali shawarwarin da aka ba ni sun fi ɗaya? Ina ake sa "the", ina ake barin ta? Me ya raba "in" da "on" da "at"? Abin da aka saba yi shi ne a karanta wa ɗalibi doka da Turancin da bai gama ji ba, a ce ya haddace, gobe ya sake yin kuskuren, sai a yanke masa hukuncin daƙiƙanci. To amma in dubban mutanen da ba su san juna ba suka yi ta tuntuɓe a wuri guda shekara da shekaru, ai ba ƙafafunsu za a zarga ba, hanyar za a duba. Abin da na zo in tabbatar yau shi ne, mafi yawan waɗannan tambayoyi suna tasowa ne daidai inda tsarin Hausa ya rabu da tsarin Turanci, don haka amsar da ta fi saurin shiga, ta kuma fi zama a kai, ita ce wadda aka biyo da ita ta cikin Hausa.

Mu fara da "borrow me your pen", wadda babu malamin da bai gaji da gyara ta ba. Bahaushe yana cewa "na ari littafi", yana kuma cewa "na ara masa littafi". Saiwar kalmar ɗaya ce, ƙarshenta da karin sautinta da abin da ya biyo bayanta su ke nuna ko abin zuwa ya yi wurinka ko fita ya yi daga hannunka. Haka "na koyi Larabci" da "na koya masa Larabci", haka "na sayi doki" da "na sayar da doki". Wannan shi ne tsarin da F. W. Parsons ya kasa gida bakwai a 1960, wanda ɗaliban Hausa suka sani da giredin aikatau. Turanci ba shi da wannan dabara, sai ya ware kalma guda ga mai karɓa, wata daban ga mai bayarwa. Saboda haka yaron da ya ce "borrow me" yana da hujja: ya ɗauki "ara mini" ya sa mata rigar Turanci, bisa zaton abin da ya yi aiki a harshensa zai yi aiki a can. In aka ce masa "na ari" ita ce "borrow", "na ara wa" ita ce "lend", kamar yadda "na koyi" take "learn" kuma "na koya wa" take "teach", an gama magana cikin minti biyu. Zai ma ƙaru da sanin cewa a nan Hausa ta fi Turanci rarrabewa ta wata fuskar, domin ta raba aro, inda abin da aka karɓa shi kansa za a mayar, da rance, inda madadinsa ake mayarwa, kamar kuɗi ko hatsi. Turanci bai damu da wannan bambanci ba.

Batun lokaci ya fi wannan zurfi, kuma a nan ne makin ɗalibanmu ya fi zubewa. Aikatau na Hausa ba ya sauya siffa don nuna lokaci. Wakilin sunan da ke gabansa ne ke ɗaukar nauyin: na tafi, ina tafiya, zan tafi, nakan tafi. Abin da ya fi muhimmanci kuma, wanda ba a cika faɗa wa ɗalibi ba, shi ne cewa waɗannan siffofi sun fi damuwa da ko aikin ya kammala ko yana ci, fiye da yaushe ya faru. Ku dubi "jiya da ya shigo ina cin abinci". Ga "ina" nan, amma zancen na jiya ne. Ku dubi "kafin ka iso gobe na gama". Ga "na gama" nan, amma zancen na gobe ne. Kalmar jiya ko gobe ta ishi Bahaushe, ba ya bukatar ya sake nuna lokacin a jikin kowane aikatau. Turanci kuwa dole ne ya nuna, jimla bayan jimla. Wannan ne ya sa ɗalibi yake fara labari da "yesterday" sannan ya ci gaba da "I am eating", domin a wurinsa ya riga ya faɗi lokacin tun a kalmar farko. "Na ci abinci" kuma ita kaɗai tana tsayawa a madadin "I ate" da "I have eaten", shi ya sa bambancin ya zame wa mai koyo duhu. Amma Hausa tana da kalmomin da za su haska masa. In zancen zai karɓi "riga", ko "taɓa", ko "tukuna", kamar "na riga na ci", "ka taɓa zuwa Legas?", "bai zo ba tukuna", to galibi siffar "have" ce ake nema. In kuwa an ambaci lokacin da ya wuce ya rufe, jiya ko bara ko makon jiya, siffar "went" ce. Daga nan sai a nuna masa cewa "ina nan tun safe" ba ta komawa "I am here since morning", domin duk abin da ya faro a baya yake ci har yanzu Turanci yana ba shi "have been". A nuna masa cewa "ina da mota" mallaka ce, ba aiki ne da ake cikin yi ba, don haka "I am having a car" ba ta zauna ba. A kuma nuna masa akasin haka: "na sani", "na gane", "na yarda", "na gaji" siffar kammalawa gare su amma halin yanzu suke nufi, shi ya sa in malam ya tambayi aji ko an gane, sai a amsa masa da "we understood" maimakon "we understand".

Wani zai ce ai kowane mai koyon Turanci yana kuskure, me ya sa za a ɗora wa Hausa? Hujjar tana nan kusa da mu, ba sai an je nesa ba: kura-kuran suna bambanta gwargwadon harshen da mutum ya tashi da shi. Yarbanci da Ibo wakilin suna ɗaya suke amfani da shi ga namiji da mace, don haka masu koyo daga can sukan sha fama da "he" da "she". Bahaushe ba ya cika wannan kuskure, domin harshensa ya raba "ya" da "ta", har ma ya raba "kai" da "ke", abin da Turancin kansa bai yi ba. Nasa matsalolin daban ne. Ba shi da makwafin "it", tunda kowane suna tilo a Hausa ko namiji ne ko mace. Kuma ba zai iya cewa "Audu tafi" ba, sai "Audu ya tafi", don haka sai ya rubuta "my father he is a farmer", ya ninka abin da Turanci ke so guda. A wajen furuci ma haka ne. Sautin farkon "think" da na "this" babu su a Hausa, babu su a Yarbanci, amma Bahaushe yakan maye su da "s" da "z", mutumin Kudu kuma da "t" da "d". Farfesa Munzali Jibril ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Lankasta a 1982 a kan irin wannan bambancin furuci a Turancin Nijeriya. Musayar "p" da "f" da ake yi wa 'yan Arewa dariya a kai tana da dalili mai sauƙi: Hausa sauti ɗaya gare ta a wurin, kuma da leɓɓa biyu ake yin sa. A ce wa yaro, da Hausa, "p" leɓɓa ne ke rufewa ruf sannan su fashe, "f" kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa iska na wucewa, ya gwada da bakinsa, sai ka ga abin da shekaru na tsawa ba su gyara ba ya fara gyaruwa. Kalmomin da muka aro ma shaida ne. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muka sami burodi, da direba, da firamare, da fursuna. Wasalin da kakanninmu suka cusa a cikin waɗannan kalmomi shi ne jikokinsu ke cusawa yau in suna karanta Turanci.

Sauran tambayoyin zan bi ta kansu da sauri. Ana yawan cewa Hausa ba ta da "a" da "the", kuma maganar ba ta cika ba. Muna da "na ga yaro", da "na ga wani yaro", da "na ga yaron", kuma wannan madanganci na ƙarshe yana yin kaso mai yawa na aikin "the". Giɓin yana wurin da Hausa ke barin suna tsirara, kamar "shi malami ne", alhali Turanci ba ya yarda suna tilo mai ƙirguwa ya tsaya ba tare da komai a gabansa ba. Batun "advices" kuma, Hausa tana ƙirga shawara da labari da kaya, ta ce shawarwari da labarai da kayayyaki, shi kuwa Turanci yana ɗaukar "advice" da "information" da "luggage" da "furniture" yadda muke ɗaukar ruwa, wanda sai an auna shi da kofi ko tulu kafin a ƙirga. "Shekara goma" da "mutum biyar" su ke haifar da "ten year". Harafin "a" namu shi kaɗai yana shiga "a Kano", "a ranar Litinin", "a makaranta", inda Turanci ke rarraba aikin ga "in" da "on" da "at". Akwai kuma wadda ta fi haɗari domin tana juya ma'ana gaba ɗaya: in aka ce wa Bahaushe "ba ka zo ba?", zai ce "e, ban zo ba", yana gaskata mai tambaya. Bature "no" zai ce a wurin, domin shi abin da ya faru yake duba. A asibiti ko a kotu ko a gaban jami'in shige da fice, wannan ɗan bambanci yana iya jawo wa mutum abin da bai nema ba.

Tunanin kwatanta harshen uwa da harshen da ake koyo ba sabo ba ne. Robert Lado ya gina littafi guda a kansa a 1957, kuma gaskiya ce masana sun zo daga baya sun rage masa tsawo. A 1974 Heidi Dulay da Marina Burt sun nuna cewa yara masu Sifaniyanci da yara masu Sinanci suna kama wasu ƙa'idojin Turanci bisa jeri kusan iri ɗaya, duk da nisan da ke tsakanin harsunansu. Ke nan akwai kura-kuran da ba daga harshen uwa suke fitowa ba. Yaron da ya ce "goed" ko "childs" ba Hausa ce ta sa shi ba, yaran Ingila ma suna faɗin haka kafin su girma, kuma alama ce ta cewa ya gano doka yana gwada iyakarta. Tun a 1967 Pit Corder ya ja hankalin malamai cewa kuskuren mai koyo shaida ce ta inda fahimtarsa ta kai. Na karɓi wannan gyara, shi ya sa na ce mafi yawa, ban ce duka ba. Sai dai binciken da ya biyo baya bai kore tasirin harshen uwa ba, ya ma tabbatar da shi a wurare kamar "a" da "the", inda waɗanda harshensu ba shi da irin waɗannan kalmomi suka fi daɗewa kafin su kama. Abin da wannan ke nema daga malami shi ne ya iya gane asalin kowace tambaya kafin ya amsa ta, kuma ba zai iya ba in bai san nahawun harshen ɗalibinsa ba.

Akwai tambayoyin da asalinsu tarihin Turancin ne kansa, kuma a nan gaskiya ita ce mafi alherin amsa. Don me ake rubuta "k" a "knife" ba a furta ta? Domin a da ana furta ta. William Caxton ya kafa maɗaba'ar farko a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa a takarda, alhali furucin wasulan harshen yana cikin wani babban sauyi da ya ɗauki ƙarnuka. Harafin "b" da ke cikin "debt" masana ne suka cusa shi don kalmar ta yi kama da asalinta na Latin. "Went" ba daga "go" ta fito ba, daga wani tsohon aikatau ne daban. Mamayar Normandawa ta 1066 ta zubo dubban kalmomin Faransanci a kan na asali, shi ya sa abu ɗaya kan sami suna biyu ko uku. Baƙaƙe da wasula 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44. Bambancin "colour" da "color" kuwa ya samo ƙarfi daga ƙamusun Noah Webster na 1828 a Amurka, kuma abin da ake nema ga ɗalibi shi ne ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai. Waɗannan ba su da dokar da za ta tattara su, sai hadda da yawan karatu, kuma ya kamata a faɗa wa ɗalibi haka ƙarara don kada ya zaci kansa ne ya kasa. Ko a nan Hausa tana da abin ƙarfafa masa gwiwa. Yaron da tun bai shiga makaranta ba ya san doki dawaki, gida gidaje, birni birane, sa shanu, mace mata, ya riga ya haddace tsarin jam'i da ya fi na Turanci wuya nesa ba kusa ba. Aikatau kusan 200 marasa bin doka ba za su gagare shi ba.

Babbar suka kuwa ita ce wadda aka raini yawancinmu a kai: harshe da harshe ake koyonsa, duk mintin da aka ba Hausa a ajin Turanci an sace shi ne daga Turanci, kuma jariri bai bukaci fassara ba kafin ya iya magana. Wannan ra'ayi yana da tarihi. Makarantun Berlitz da suka faro a Amurka a 1878 sun yi suna da shi, kuma Robert Phillipson ya nuna a 1992 yadda taron ƙasashen renon Ingila da aka yi a Makerere ta Yuganda a 1961 ya taimaka wajen kafa shi a makarantun Afirka. Daga irin wannan tunani ne muka gaji dokar hana "banakula" da tara da bulala. Akwai gaskiya a cikin sukar, domin babu wanda zai iya magana da harshen da ba ya ji, ba ya furtawa, kuma malamin da ya kwashe darasi yana bayani da Hausa yara ba su buɗe baki da Turanci ba ya cuce su. Amma kwatancen jariri bai tsaya ba. Jariri yana jin harshen uwarsa tun daga farkawa har barci, shekara da shekaru, a bakin mutanen da suka iya shi, suna nuna masa abin da suke nufi da hannu da fuska. Ɗalibinmu yana da darasin minti arba'in a ajin da ya cika ya batse, in ya fita kuma Hausa ce a gida, Hausa ce a kasuwa, Hausa ce a rediyo. Turancin da ba a fahimta ba kuwa, ko an kwana ana zuba shi, ƙara ce kawai a kunne. Sannan hana Hausa a baki bai taɓa hana ta a zuci ba: yaron yana nan yana fassarawa a ɓoye, shi kaɗai, babu mai gyara masa, kuma daga wannan fassarar ɓoye ce "borrow me" take fitowa. Zaɓin da ke gaban malami shi ne ko ya fito da kwatancen fili ya daidaita shi, ko ya bar shi yana ɓarna a ɓoye. Minti biyar na bayani da Hausa, sannan minti talatin da biyar na atisaye da Turanci zalla, shi ne abin da nake kira gare shi.

Ba mu rasa shaida daga gida ba. A zaurukan malamanmu an ɗauki ƙarnuka ana karanta Ajurumiyya da Alfiyyar Ibnu Malik, malam yana fassarawa kalma bayan kalma da Hausa ko Fulatanci, yana warware i'irabi da harshen ɗalibi. Wannan hanya ce ta fitar da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya kai ga rubuta wa Larabci kansa littattafai, Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu. Rauninta sananne ne, ta fi fitar da masu karatu da rubutu fiye da masu hira, kuma shi ya sa na ce atisaye ya ɗauki kaso mafi girma. A ɓangaren boko, makarantun elemantare na Arewa a zamanin Turawa da Hausa suke fara koyarwa, Turanci ya zo daga baya. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turawan kansu suka yaba wa Turancinsa, ta nan ya biyo kafin Kwalejin Katsina, kuma shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa. Gaskiya ne waɗannan 'yan ƙalilan ne da aka tace, ba za a auna al'umma da su ba, amma sun isa su nuna cewa ƙwarewa a Hausa ba ta tare wa Turanci hanya. Gwajin da ya fi faɗi shi ne na Ife, wanda Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranta daga 1970: an koyar da yara duk shekaru shida na firamare da Yarbanci, Turanci yana darasi guda, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa ma sun yi fice. Masu suka sun ce ajin gwajin ya sami ƙwararren malamin Turanci da sababbin littattafai. Haka ne, kuma darasin ke nan: harshen uwa tare da malamin da ya san aikinsa. Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa har aji shida a 2022, ta kuma janye a Nuwamban 2025. Wannan muhawara ce mai zaman kanta. Abin da nake faɗa ya tsaya ko da wane harshe ake koyar da lissafi, domin magana ce ta yadda za a amsa tambayar ɗalibi a darasin Turanci.

Za a ce kuma aji a Kaduna ko Jos ko Maiduguri ko Sabon Garin Kano ba na Hausawa kaɗai ba ne. Wannan damuwa ce ta adalci, kuma tana da nauyi. Amma a yawancin makarantun gwamnati na Arewa maso Yamma, Hausa ce harshen da kusan kowane yaro ke ji. Inda aka cakuɗa kuwa, malam yana iya tambayar Babarbare da Bafulatani da Bayarabe yadda ake faɗin jimlar a harshensu, ajin ya ga cewa kowane harshe da tasa hanyar. Cikas na gaskiya yana wurinmu malamai. Da yawa daga cikinmu Hausawa ne da ba su taɓa zama sun nazarci nahawun Hausa ba, suna jin cewa "Audu tafi" ba daidai ba ce amma ba za su iya faɗin dalili ba. Kayan aikin kuwa suna nan: littafin nahawu na M. K. M. Galadanci na 1976, da babban kundin Paul Newman na 2000, da na Philip Jaggar na 2001, da ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Neil Skinner, da na Roxana Ma Newman na 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Sashen Hausa da sashen Turanci suna nan a jami'o'i da kwalejojinmu, amma da wuya abin da wannan ya sani ya ƙetara zuwa wancan.

Ta fuskar kalmomi, ɗalibanmu sukan zaci iya Turanci shi ne tara manyan kalmomi masu kaɗa kunne. Lissafin masana ya nuna akasin haka. Michael West ya tattara kalmomi kusan 2,000 a 1953 waɗanda su ne mafi yawan abin da ke cikin kowane rubutu na yau da kullum, Paul Nation kuma ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba yana bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Hanyar tana da tsawo, amma farkonta ƙananan kalmomi ne, kuma a cikinsu wuyar take. Bahaushe yana shan ruwa, yana shan magani, yana shan taba, yana shan lemo, yana shan wahala. Yana cin abinci, yana cin jarrabawa, yana cin ƙwallo, yana cin amana. Yana jin magana, yana jin wari, yana jin sanyi, yana jin Larabci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan Turanci da aikatau daban yake faɗinsa, shi ya sa muke jin "drink medicine" da "I hear smell". Shi ma Turanci yana da nasa irin waɗannan, "take" da "get" da "make" da "do", kuma "yi" ɗinmu guda ɗaya ta rabu tsakanin biyun ƙarshe. Ɗalibin da aka nuna wa yadda "sha" da "ci" ke yawo a harshensa zai gane nan take cewa kalma da abokan tafiyarta ake koyonta, ba ita kaɗai ba, kuma ƙamus ba zai wadatar da shi ba sai ya haɗa da karatun littattafai masu sauƙi da yawa.

Saura masu cewa tunda kowa a Nijeriya yana gane "borrow me", a bar mutane da Turancinsu. Turancin Nijeriya abu ne tabbatacce. A Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 daga Nijeriya, ciki har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow", kuma mu da muke da jibi da gata da citta mun san bukatar da ta haifi ta ƙarshen. Wanda ya ce wa mai aiki "well done" ko ya ce wa wanda ya yi tuntuɓe "sorry" yana neman wurin da zai ajiye "sannu" ne, kuma ladabi ne da bai kamata a kore shi ba. Amma mai duba takardar WAEC ko NECO yana rage maki a kan kowane kuskuren nahawu, kuma sakamakon Turanci yana cikin abin da ke buɗe ko rufe ƙofar manyan makarantu. Malamin da ya ɓoye wa ɗan talaka wannan bambanci da sunan girmama Turancin gida bai yi masa adalci ba. Haƙƙin ɗalibi ne a ce masa: wannan ana faɗa a nan kuma ana ganewa, wannan shi ake rubutawa a jarrabawa da takardar neman aiki, ga kuma dalilin da ya sa bakinka ya fi karkata ga na farkon.

Kirana ga sassan Hausa da na Turanci a Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello, da Usmanu Ɗanfodiyo, da kwalejojin ilimi na jihohinmu, shi ne su zauna tare su fitar da ƙaramin littafi mai araha, da Hausa, wanda zai ɗauki waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya nuna inda harsunan biyu suka haɗu da inda suka rabu, ya bi kowane bayani da atisaye. Duk wanda za a ba takardar shaidar koyar da Turanci a Arewa kuma a wajabta masa kwas ɗaya a nahawun harshen ɗalibansa. 'Yan'uwana malamai, ba sai kun jira littafin ba: in ɗalibi ya kawo muku jimla karkatacciya, ku tambaye shi yadda zai faɗe ta da Hausa kafin ku ɗaga jan biro. Ku kuma ɗalibai, ku ci gaba da tambaya, kada kunya ta hana ku, kuma kada ku karɓi "haka ake faɗa" a matsayin amsa sai a inda tarihi ne kaɗai dalili.